Yadda Ake Gane Tsohon Gwal Mai Siffar Maciji Kafin a Saya ko a Narkar

Shekarun baya wata ƙawata ta gaji munduwa daga gwaggonta, wadda mijinta ya yi karatu a Ingila tun ƙasar nan ba ta daɗe da samun 'yanci ba. Na riƙe ta a hannuna. Maciji ne na gwal da ya naɗe sau uku, an jera masa ƙananan duwatsu shuɗa-shuɗa a ka kamar ƙwayar gero, idanunsa jajaye, kuma a cikin wutsiyar an buga lamba 15. Ta kai wani shagon gwal, aka ɗora a sikeli, aka ce mata ai wannan bai kai karat 18 ba balle 21, ƙaramin gwal ne. Aka ɓamɓare duwatsun aka zuba mata a takarda, aka narkar da sauran, ta cika kuɗi ta karɓi sarƙa da 'yan kunne. Sai daga baya muka fahimci cewa lambar nan ita ce shaidar tsufan abin, domin Ingila ta daina buga karat 15 tun 1932. Har yau abin yana ci mini rai.

Mu a nan da nauyi muke sayen gwal, da nauyi muke sayarwa, kuma wannan ya yi daidai ga sabon gwal na Dubai ko na Saudiyya. Tsohon kaya kuwa nauyinsa ɗan kaɗan ne daga darajarsa. Sauran tana cikin aikin hannu, da shekaru, da sunan wanda ya ƙera. Ga yadda za ki bi, 'yar'uwa, ko gado kika ci, ko a gwanjo kika gani, ko dillaliya ce ta kawo miki gida.

Mataki na farko: ki san abin da macijin yake faɗa

Bahaushe ba ya son maciji. Da dare ma ba ya kiran sunansa, sai ya ce igiyar ƙasa. Duk da haka labarin kafuwar ƙasashen Hausa da maciji ya fara, wanda ya tare rijiyar Kusugu a Daura har Bayajidda ya sare masa kai. To haka sauran al'ummu suke da nasu labarin, sai dai da yawa daga cikinsu ba abokin gaba suka ɗauke shi ba.

A tsohuwar Masar, kumurci mai fasa kai alama ce ta sarauta, shi ya sa yake goshin Fir'auna. Ki dubi hoton fuskar zinarin nan ta Tutankhamun, wanda aka buɗe kabarinsa a 1922, za ki ga kumurci da ungulu a goshinsa. A kabarin ne kuma aka samu ɗaya daga cikin tsofaffin zanen macijin da ya ciji wutsiyarsa ya zama zobe, ba farko ba ƙarshe. Girkawa sun ga maciji yana saɓa ya fito sabo fil, sai suka haɗa shi da waraka. Sandar nan da maciji ya naɗe a tambarin Hukumar Lafiya ta Duniya daga wurinsu ta samo asali. Matansu kuma sun riƙa sa mundaye masu naɗewa a damtse, sau da yawa biyu-biyu, hagu da dama.

Rumawa suka gada. Lokacin da dutsen Besubiyus ya yi aman wuta a shekara ta 79 Miladiyya ya binne garin Pompeii, mutane sun mutu da adonsu a jiki. An tono wata munduwa mai nauyin giram 610, kawunan macizai biyu suna riƙe da faifai a tsakaninsu. A shekarar 2000 kuma, a Moregine kusa da garin, aka samu wata a hannun gawar mace, an rubuta a cikinta da Latin cewa daga ubangida ne zuwa ga baiwarsa.

Amma wanda ya fi shafar abin da za ki tarar a kasuwa shi ne labarin Sarauniya Biktoriya ta Ingila. A 1839 aka yi baikonta da Yarima Albert, ya ba ta zoben gwal mai siffar maciji da zumurrudu a kansa, dutsen da Turawa ke dangantawa da watan Mayu, watan haihuwarta. Aka ɗaura aure a Fabrairun 1840. Daga nan duk macen da ke da hali a Ingila ta nemi nata macijin, da ma'anar soyayyar da ba ta yankewa. Mafi yawan tsofaffin macizan gwal da ke yawo a gwanjo yau daga zamaninta suke, 1837 zuwa 1901, ko kwaikwayonsu.

Akwai maganar addini, kuma ba ta tsallakewa. Namiji Musulmi ba ya sa gwal. Sa ado mai siffar abu mai rai kuwa malamai sun yi bayani a kansa, da yawansu sun tsananta idan siffar mai jiki ce cikakkiya, don haka ki tambayi malamin da kika amince da shi kafin ki sa a jiki. Wanda ba shi da ja shi ne ƙudurta cewa macijin yana tsare mutum daga sharri ko yana kawo sa'a, wannan ba namu ba ne. Ko da kin yanke ba za ki sa ba, sanin darajarsa zai hana a saye shi a hannunki da kuɗin narkarwa.

Mataki na biyu: kayan aiki

Ba su da yawa. Ƙaramin madubin ƙara girma mai ninka abu sau goma, irin na masu gyaran agogo. Sikelin giram mai nuna ɗigo biyu. Mayen ƙarfe mai ƙarfi. Fitilar waya, farin ƙyalle da za ki shimfiɗa don kada dutse ya faɗi ya ɓace, da littafin rubutu. Ki yi dubawar da rana a bakin taga, domin fitilun shagon gwal an zaɓe su ne don su ƙawata kaya.

Mataki na uku: ki ba macijin zamaninsa

Kafin ki nemi lamba, ki zauna ki kalle shi sosai. Kowane zamani da irin macijinsa.

Na farkon zamanin Biktoriya, wajen 1840 zuwa 1860, kansa yana da ɗan faɗi, jikinsa gaɓa-gaɓa yana lanƙwasa a wuya ko a hannu kamar mai rai. Sau da yawa an lulluɓe kan da shuɗin dutsen nan da Larabawa ke kira fairuz, ko da shuɗin inamel, wato garin gilashi da ake shafa wa ƙarfe a gasa a wuta. Idanu jan dutsen ganet ne ko yaƙutu. Wasu suna riƙe da 'yar zuciya a baki tana reto. Ki juya zuciyar, in kin ga ɗan gilashi a bayanta da gashin mutum a kitse a ciki, kada ki firgita ki ce sammu ne. Al'adarsu ce a lokacin su adana gashin masoyi ko na mamaci. Gwal yana da tsada a shekarun, don haka yawancin kayan ƙwarya ne, cikinsu fanko, sun fi yadda ido ke zato rashin nauyi.

Bayan rasuwar Albert a 1861 sarauniya ta shiga baƙin kaya ba ta fita ba, adon makoki ya yi tashe. Nan za ki ga macizai baƙaƙe, na baƙin inamel ko na jet, wani makamancin gawayi da ake haƙowa a garin Whitby a bakin tekun arewa maso gabashin Ingila.

Ƙarshen ƙarni na 19 Faransawa suka karɓi ragamar, macijinsu ya zama mai murɗiya da buɗe baki, da inamel kore da ruwan toka. René Lalique ya ƙera wani adon ƙirji mai macizai tara wajen 1898, yana gidan tarihi na Gulbenkian a Lisbon. A 1899 kuma Georges Fouquet ya yi wa 'yar wasan kwaikwayo Sarah Bernhardt munduwar maciji haɗe da zobe, bisa zanen Alphonse Mucha. Irin waɗannan ba za su zo hannunmu ba, amma ƙananan kwaikwayonsu na azurfa suna nan.

Sai ƙarni na 20. Kamfanin Bulgari na birnin Rum ya fito da agogon hannu mai naɗewa kamar maciji a 1948, da wata saƙar gwal da suke kira Tubogas saboda ta yi kama da bututun gas, ana naɗe ta ba tare da walda ba. Elizabeth Taylor ta sa irinsa a 1962 lokacin da take aikin fim a Rum, hotuna suka bazu, kasuwarsa ta buɗe. A 1968 Cartier ya ƙera wa María Félix ta Meziko abin wuyan maciji mai daimon 2,473. A gefe guda kamfanoni irin su Whiting & Davis na Amurka sun cika kasuwa da mundayen maciji na ragar ƙarfe mai ruwan gwal. Waɗannan fashin ne, ba gwal ba, amma tsofaffinsu suna da masu nema, kuma da su ya kamata mai koyo ta fara.

'Yan kasuwar Turai suna kiran abin da ya kai shekara 100 antik, wanda ya haura ashirin bai kai ɗari ba kuma bintej. Ki riƙe bambancin, domin farashinsu ba ɗaya ba ne. Macijin gwal 21 da ake jerawa a shagunan Alƙahira da Dubai kuwa sabo ne, a saye shi da nauyi kamar kowane awarwaro.

Mataki na huɗu: hatimi

Ki ɗauki madubi ki bi cikin zoben, da harshen maɓalli, da ƙarƙashin kai, da ƙarshen wutsiya. Lambobin da muka saba da su, masu nuna yawan tsantsar gwal cikin kashi dubu, su ne 916 na karat 22, 875 na 21, 750 na 18. Ki ƙara da 585 na 14, 375 na 9, sai 625 ko 15 na karat 15. A 1854 Ingila ta halatta karat 15 da 12 da 9, a 1932 ta soke 15 da 12 ta maye gurbinsu da 14. Ke nan abin da ke ɗauke da sahihin hatimin Ingila na 15 ko 12 an yi shi ne tsakanin waɗannan shekaru biyu.

Kusa da lambar za ki iya ganin ɗan hoto mai nuna garin da aka gwada gwal ɗin. Anka ta jirgin ruwa Birmingham ce. Kan damisa Landan. Ganuwa mai hasumiya uku Edinburgh. Damin alkama uku da takobi Chester, ofishin da aka rufe a 1962. Sai harafi guda a cikin ɗan gida, wanda ke nuna shekara. Salon harafin da siffar gidansa suna canzawa, akwai jadawalinsu a intanet, sai ki gwada a hankali har ki dace. Zaki mai tafiya alamar azurfa ce ta 925. Na Faransa kan gaggafa ne ɗan mitsitsi ga gwal 18, tun 1838, sunan maƙerin kuma a cikin zane mai kusurwa huɗu kamar yankan alkaki.

Idan kin ga GF, ko RG, ko GP, to lulluɓi ne ko ruwan gwal a kan tagulla.

Abu biyu za ki kiyaye a nan. Rashin hatimi ba ya nuna jabu, domin kayan ado da yawa na zamanin Biktoriya doka ba ta tilasta a buga musu ba, wasu kuma gyaran zobe ya cinye nasu. Samuwar hatimi kuma ba ta wanke abu, tunda ana sayar da ƙarfen buga 750 a kasuwa. Tsohon hatimi yakan side daidai da sauran jikin abin. In jiki duk ya goge amma lamba tana da kaifi kamar jiya aka buga, ki ja baya.

Mataki na biyar: gwada ƙarfen

Ki kara mayen ƙarfe. Gwal da azurfa ba sa binsa. Amma a wurin maciji akwai tarko: mundaye masu naɗewa da yawa suna da sifirin na baƙin ƙarfe a cikinsu, shi ke sa su kama hannu. Don haka in jiki ya ɗan ja, ki gwada kai da wutsiya daban kafin ki yanke hukunci. Tagulla ma ba ta bin maye, saboda haka wucewa wannan gwaji ba ya nufin an gama.

Sai ki duba wuraren da ke gugar fata, wato cikin naɗin, saman kai da bakin maɓalli. In launi ya canza, ja-ja ko fari-fari yana leƙowa daga ƙarƙashin rawaya, lulluɓi ne. Kore-kore a lungu alamar tagulla ce. Akwai kuma wani haɗin jan ƙarfe da zinki da ake kira pinchbeck, sunan mai gyaran agogon Landan da ya ƙirƙiro shi a ƙarni na 18. Ba gwal ba ne, amma tsohonsa na gaske yana da daraja a wurin masu tarawa.

Zobe dunƙulalle marar dutse ana iya auna shi da ruwa. Ki auna nauyinsa, ki ɗora kofin ruwa a sikeli ki mayar da shi sifili, ki ɗaura zoben da zare ki nutsar ba tare da ya taɓa ƙasan kofin ba, ki raba nauyin farko da lambar da ta fito. Gwal 18 yakan ba da wajen 15 da rabi, tagulla 8 da ɗoriya. Kada ki yi wannan da abin da ke da duwatsu ko mai fanko a ciki.

Gwajin da masu shago suka saba, na goga gwal a baƙin dutse a ɗiga ruwan asid, yana aiki. Sai dai ki tsaya a kansa, ki nuna wurin da za a goga, can ciki inda ido ba ya kai wa. Na ga macijin da aka kankare wa hanci da zarto don a ga cikinsa. In akwai mai na'urar haske da ke karanta ƙarfe ba tare da gogewa ba, ita ta fi, ko da yake ita ma sama-sama take gani, lulluɓi mai kauri yana iya ruɗar ta.

Mataki na shida: duwatsu

Nan ne aka fi cutar mutane, nan ne kuma tsohon kaya ya fi tona asirin kansa. Ki juya kan macijin. A kayan farkon ƙarni na 19 sau da yawa bayan dutsen a rufe yake ruf da gwal, an sa ɗan siririn fallen ƙarfe mai ƙyalli a ƙarƙashinsa don ya ƙara haske. Na baya-bayan nan bayansu a buɗe yake.

Tsohon daimon da hannu aka yanke shi. Ba zagayayye ba ne sosai, samansa yana da tudu, in kin leƙa ta sama za ki ga ɗan da'ira a tsakiya inda aka datse tsininsa. Wani kuma ƙasansa a baje yake, samansa kamar furen da bai gama buɗewa ba. Idan an ce miki abu na 1850 ne amma daimon ɗinsa duk girmansu ɗaya, yanka ɗaya, suna walƙiya irin ta shagon zamani, ko dai an sauya su ko abin sabo ne.

Fairuz yana shan mai da gumi, shi ya sa a tsohon maciji ba za ki same su launi ɗaya ba. Wani shuɗi, wani ya koma kore, wani ya dushe. Wannan bambancin ba aibi ba ne, shaida ce. In duk sun zo iri ɗaya kamar an rina, ki sa madubi ki nemi ƙananan kumfa a ciki, alamar gilashi ke nan. Jan ido ma haka. Tun wajen 1902 ake haɗa yaƙutu a masana'anta, don haka jan dutse mai tsabta ƙal marar ko ɗigo ba lallai na ƙasa ba ne.

Jet na gaske ba shi da nauyi, ba shi da sanyi a kunci, in an goga shi a bayan tayil marar sheƙi yana barin layi ruwan ƙasa. Baƙin gilashi yana da nauyi da sanyi. Akwai kuma na roba mai tauri, wanda ke koɗewa ya koma ruwan ƙasa, in kin murza shi da yatsa ya yi zafi sai ki ji warin ƙibiritu.

Mataki na bakwai: gaɓoɓi da tsofaffin gyare-gyare

Ki shimfiɗa abin wuyan a kan ƙyalle ki ja shi a hankali. Ya kamata ya bi hannunki sumul. Duk inda ya ƙage, an taɓa liƙe wurin. Ki nemi tabo mai launin toka, wannan likin dalma ne, yana cin gwal kuma yana karya farashi ƙwarai. Ki duba lotsawa a jikin mai fanko, domin ba ta fitowa cikin sauƙi. Ki haska inamel da fitila ta gefe, inda aka cike da fenti zai fito dishi-dishi. Sannan ki gwada launin kai da na jiki. 'Yan kasuwa sukan ɗauki kan tsohon maciji su haɗa da sabuwar sarƙa su sayar a matsayin abu ɗaya. In na maƙalawa a riga ne, tsohon yana da ƙugiya mai kama da harafin C marar makulli, allurar kuma takan zarce gefen abin kaɗan.

Mataki na takwas: ciniki

Ki fara da lissafin gwal ɗin da ke ciki, shi ne ƙasan farashi. Misali munduwa mai giram 20 ta karat 15, ki ninka 20 da 0.625, wato 625 cikin dubu na karat 15, ya ba ki giram 12 da rabi na tsantsar gwal, sai ki ninka da farashin ranar. Ki rage wani abu saboda duwatsu da sifirin. Abin da ya hau kan wannan shi ne kuɗin tsufa da aiki. Don ki san ko ya yi daidai, ki bincika sakamakon gwanjon da aka riga aka kammala a shafukan gidajen gwanjo irin su Bonhams, Christie's da Sotheby's. Abin da aka saya za ki duba, ba abin da mai kaya ya yi wa kuɗi ba.

Saye ta intanet cinikin biri a sama ne, sai kin ɗaure shi da sharuɗɗa. Ki nemi hoton baya, da na hatimi kusa-kusa, da hoton abin a kan sikeli, da bidiyon yadda yake lanƙwasa. Ki tambaya kai tsaye ko an taɓa gyara shi, a ba ki amsa a rubuce. Ki tabbatar ana karɓar mayarwa, ki biya ta hanyar da za ki iya neman kuɗinki, ki kuma sa kuɗin aike da na kwastan a lissafi. Mai sunan Bulgari ko Cartier kada ki saye shi sai da takardu ko ta hannun gidan gwanjo sananne, domin jabunsu ya fi na gaske yawa, kuma akwai masu kyan ɗan maciji a cikinsu. Araha dai ba ta ado.

Wanda ya ce miki nasa na zamanin Fir'auna ne ko na Rumawa, ki bar masa kayansa. Yawanci ƙarya ce, in ma gaskiya ce Masar ta haramta cinikin kayan tarihinta tun 1983. A Nijeriya ma ba a fitar da kayan tarihi sai da izinin hukumar gidajen tarihi ta ƙasa. Mai hauren giwa ko ƙoƙon kunkuru a jiki shi ma yana iya maƙalewa a filin jirgi.

Idan ke ce mai sayarwa, kada shagon narkarwa ya zama zangonki na farko. Ki ɗauki hotuna masu kyau da nauyi ki aika wa gidajen gwanjo biyu ko uku, da yawansu suna ba da ƙiyasi ta hoto ba tare da an biya ba. In kayan gado ne, a yi wannan kafin rabo, don kada a zalunci maraya da farashin sikeli. Wanda aka ajiye don kasuwanci kuma yana shiga lissafin zakka, nisabin gwal wajen giram 85 ne na tsantsa.

Mataki na tara: kula da shi a irin yanayinmu

Turare shi ne babban abokin gabar waɗannan kaya, mu kuwa ba ma rabuwa da shi. Humra, turaren wuta, man shafawa da lalle duk suna shiga fairuz su sauya masa launi, suna kashe hasken lu'ulu'u. Ki gama shafa da turara jiki, ki bari ya bushe, sannan ki sa. In za ki yi alwala ko girki ki cire.

Mai rufaffen baya kada ruwa ya taɓa shi ko kaɗan. Ni da kaina na jiƙa wani zobe mai jan ido a ruwan sabulu na kwana ɗaya. Da safe ruwan ya shige bayan duwatsun, fallen da ke ƙarƙashi ya yi baƙi, idanun da ke ci kamar garwashi suka mutu, kuma ba su dawo ba. Mai sifirin ma haka, tsatsa za ta ci shi daga ciki har ya karye. Busasshen ƙyalle mai laushi da burushin jarirai sun isa. Ban da man goge baki, ban da toka, ban da omo, ban da injin wanke gwal mai girgiza ruwa da wasu shaguna ke da shi, domin yana zubar da ƙananan duwatsu yana tsaga inamel. Duhun da ke cikin zanen fatar macijin ki bar shi, shi ke fito da ƙirar, masu saye kuma suna nemansa.

Ƙurar hunturu tana da yashi, in kin goge da ƙarfi za ta karce inamel, sai ki fara hure ta tukuna. Da damina ki sa ɗan ƙunshin nan mai tsotse laima da ke zuwa cikin kwalin takalmi a akwatin. Kowane abu da jakarsa ta auduga, kada a cusa su gwangwani ɗaya da sarƙoƙi. Munduwa mai naɗi ba a buɗe ta da ƙarfi a zura hannu. Ki ɗora wutsiyar a wuyan hannu ki naɗa ta zagaye bayan zagaye, haka kuma za ki warware.

In gyara ya kama, ki nemi maƙerin farin da ya taɓa aikin tsofaffin kaya, ki ce ya nuna miki wanda ya yi. Ki gaya masa baki da baki: ba dalma, ba wuta kusa da inamel ko duwatsu, ba goge hatimi, ba sabon ruwan gwal. Wanda ke da injin walda na leza ya fi, don zafinsa ba ya yaɗuwa. Zoben maciji mai naɗi uku ko huɗu ba ya son a rage shi ko a ƙara, naɗin yana karkacewa, gara a sa masa ɗan ƙarfen cikewa daga ciki. Ki ɗauki hotonsa ta kowane gefe, ki ƙirga duwatsun a gaban maƙerin, ku auna nauyi tare, a rubuta a rasit. Ranar karɓa a sake aunawa. Dutsen da ya faɗi ko guntun da aka cire a ba ki abinki, ki ƙulle a takarda tare da rasit ɗin, ki rubuta karat da hatimin da shekarar da kika gano, ki ajiye a cikin jakar macijin.